Rijiyar Dhondiba

A gonar Bhikaji, gabas da Satara,
shekarar da damina ta yi alkawari ta saɓa,
mahaifina Dhondiba ya shata da'ira da dunduniya,
ya ce, a nan.
Ni ke riƙon igiya. Shi ke sauka.

Gaba biyun farko baƙar ƙasa ce mai danƙo,
uwar auduga da dawa.
Ya murza ta a tafi, ya ce:
wannan dutse ne da tsufa ya ci ƙarfinsa.

A gaba na uku diga ta yi ƙara.
Ya share da hannu, ya kira ni in leƙo.
Fuskar dutsen duk tufka ce,
igiya kan igiya, a nannaɗe,
kamar yanar da kunu ke yi in an ture ƙwarya.
Can gefe wasu 'yan yatsu sun miƙo,
kowane ya tsiro daga bakin ɗan'uwansa,
ya yi ɓawo, ya kumbura, ya fashe, ya haifi wani.
Wannan mai haƙuri ce, in ji shi,
da rarrafe ta zo.

Ƙarƙashinta kumfa ta daskare,
ramuka kamar na gurasa,
wasu fanko, wasu cike da farin ƙyalli
da nake tara wa ƙanwata a aljihu.

Sai zuciyar dutsen.
Baƙi wuluk, ba huda, ba tausayi,
ya tsattsage a tsaye ginshiƙi ginshiƙi,
mai kusurwa biyar, mai kusurwa shida.
Kwana goma sha tara muna abu ɗaya.
Diga uku ta mutu.
Bhikaji ya sayar da sa guda,
ya daina kallonmu in ya kawo shayi.

Ran nan Kalindi ta zo daga Pune,
'yar ƙanwar mai gona, da 'yar guduma da littafi.
Ta zauna bakin rami ta ce:
ba daga kan tsauni wutar ta zubo ba,
ƙasa ce ta yage baki, tsawon tafiyar kwanaki,
narkakken dutse ya malalo kamar ambaliya,
ya kwanta, ya huce, wani ya hau kansa,
shekara miliyan sittin da 'yan kai ke nan.
Ta nuna tuddan yamma masu hawa hawa:
kowace matakala zuwan wuta ɗaya ce.

Daga ƙasa muryarsa ta taso:
tambaye ta, a littafin an rubuta inda ruwa yake?
Ta yi dariya. Bai yi ba.

Kwana biyu baya, guga ya hauro da wani gutsure
mai ramuka dogaye a tsaye, kamar an soka kara.
Gindinta ke nan, ya ce, mun kusa fita.
Sai jar ƙasa, kaurin tafi ɗaya.
Kalindi ta shafa, ta yi shiru, sannan ta ce:
nan wuta ta yi dogon hutu,
har iska da ruwa suka samu yin ƙasa,
kafin ta dawo ta gasa ta.

Ƙarƙashin jan, wata iri ce dabam:
tsakuwa mai kaifi, ƙanzo kan ƙanzo,
ta yanke masa tafin ƙafa ta cikin takalmi.
Wannan mai gaggawa ce, in ji shi,
ta karya ɓawonta, ta yi ta birgima da shi.
Mai fushi ba ya rufe ƙofa da kyau.

Bai sake magana ba.
Igiya ta girgiza sau biyu, na ja.
Guga ya yi nauyin da ban saba ji ba,
tsakuwar ciki ta yi duhu,
gindinsa yana ɗiga a kan yatsuna.

Bhikaji ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya,
ya ɗora a harshe.